Yadda Ake Kare Bututun Ƙarƙashin Teku Daga Lalacewa

Duk wata babbar masana'anta da aka kafa a bakin teku, ko matatar mai ce, ko tashar wutar lantarki, ko wurin tace ruwan ƙazanta na birni, tana da wani sashe nata wanda mai ziyara ba ya gani, wato bututun da ke tashi daga gaɓa ya bi ta ƙasan teku har ya yi nisa. Wani bututun aikinsa shi ne zubar da ruwan da aka gama amfani da shi can cikin teku, wani kuma ɗanyen mai yake kai wa manyan jiragen dakon mai, ko ya kai iskar gas wata ƙasa. Abin da ke gudana a cikinsu ya bambanta, amma abubuwan da ke lalata su iri ɗaya ne. Abin da ya auku a gaɓar Afirka ta Yamma da wasu sassan duniya tun daga shekarun 1990 ya nuna cewa ɓarnar da ta fi tsada tana sauko wa bututu ne daga saman ruwa, ta hannun mutane, kuma kuɗin da ake kashewa wajen hana ta bai kai ko kusa da wanda ake kashewa wajen gyara ba.

Aikin bututun zubar da ruwa ba shi da wuyar fahimta. Bayan an tace ruwan gwargwadon yadda doka ta tanada, sai a tura shi cikin bututu zuwa wuri mai zurfi, inda aka huhhuda ƙarshen bututun da kafofi masu yawa domin ruwan ya riƙa fita kaɗan-kaɗan. Da yake ruwan da babu gishiri a cikinsa ya fi na teku rashin nauyi, yakan yi sama yana cuɗanya da ruwan teku, kafin ya kai bisa ya riga ya tsinke ƙwarai. Amfanin bututun duka yana cikin nisansa da zurfinsa. Saboda haka ne birnin Sidni na Ostareliya ya mayar da nasa wuraren zubarwa can cikin teku a shekarun 1990 da 1991, birnin Boston na Amurka kuma ya buɗe nasa mai tsawon kimanin kilomita 15 a shekarar 2000. In kuwa bututun ya fashe kusa da gaɓa, to duk dukiyar da aka zuba a kansa ta tashi a banza har ranar da aka ɗinke shi. Haka ta faru a San Diyego, a jihar Kalifoniya, a watan Fabrairun 1992, lokacin da bututun kankare na birnin ya ɓalle a wuri mara zurfi, ƙasa da kilomita 1 daga gaɓa. Kimanin galan miliyan 180 na ruwan ƙazanta ya riƙa malala a wurin kowace rana, aka rufe bakin teku na wajen wata 2, masu otal da masunta suka ji a jikinsu.

A Nijeriya, wadda ke da gaɓar teku mai tsawon kimanin kilomita 850, irin waɗannan bututai sun fi yawa a harkar mai. Ɗanyen mai yana fitowa daga rijiya a haɗe da ruwa mai gishiri, wanda ake ware shi a tashoshin tara mai, a tace shi, sannan a san yadda za a yi da shi bisa ƙa'idojin kare muhalli da tsohon Sashen Albarkatun Mai, wato DPR, ya fara fitarwa a shekarar 1991. Haka kuma, da yake bakin tekun Neja-Delta ba shi da zurfi, manyan jiragen dakon mai ba sa iya matsowa kusa. Sai dai su tsaya can nesa, a ɗaure su jikin wani dandamalin lodi da ke iyo bisa ruwa, a turo masu man ta bututun da ke shimfiɗe a ƙasan teku. Tashoshin Forcados da Bonny da Qua Iboe duk ta haka suke fitar da mai. Ke nan babban kaso na kuɗin musaya da ƙasar ke samu, da kason da jihohi ke karɓa daga asusun tarayya kowane wata, ta cikin 'yan bututai ƙalilan yake bi.

Babban abokin gabar bututu shi ne anga, wato ƙatuwar ƙugiyar ƙarfen nan da jirgin ruwa ke jefawa domin ya tsaya wuri ɗaya. Angar babban jirgi takan kai nauyin tan 10 zuwa 20, kuma an ƙera ta ne musamman domin ta nitse cikin ƙasa ta kama duk abin da ta tarar. Idan iska mai ƙarfi ta tura jirgin, ko matuƙinsa ya tashi bai janye angar ba, sai ta riƙa jan ƙasa tamkar garma, kuma nauyin jirgin gaba ɗaya yana bayanta.

Misalin da ya fi kusa shi ne na bututun gas na Afirka ta Yamma, mai tsawon kilomita 678, wanda ke ɗaukar gas daga Nijeriya ya shiga teku ta wajen Badagry, ya ratsa ta gaban Kwatano da Lome da Tema, ya tsaya a Takoradi ta ƙasar Ghana. Kilomita 569 na tsawonsa a cikin teku yake. A ƙarshen watan Agustan 2012, wani jirgin ruwa da ya faɗa hannun 'yan fashin teku a gaban Lome ya ja angarsa ta kan bututun yayin da sojojin ruwan Togo ke bin sawu, bututun ya tsinke. Sauya sassan da suka lalace bai ɗauki lokaci kamar abin da ya biyo baya ba. Ruwan teku ya riga ya cika bututun, kuma ba a tura gas cikin bututu mai danshi, don haka sai da aka kore ruwan, aka share ciki, aka busar da shi tun daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Gas bai koma gudana ba sai a watan Yulin 2013, kusan wata 11 ke nan. A tsawon wannan lokaci tashar wutar lantarki ta Sunon Asogli da ke Tema, mai ƙarfin megawat 200 a lokacin, ta tsaya cik domin da gas kaɗai take aiki. Hukumar wutar lantarki ta Kogin Bolta ta koma ƙona ɗanyen mai, wanda ya fi gas tsada nesa ba kusa ba, kuma Ghana ta shiga rabon wuta, abin da mutanen ƙasar ke kira dumsor. Masu sayar da gas a Nijeriya su ma sun rasa cinikin kusan shekara guda. Duk wannan daga jirgi ɗaya ne, a dare ɗaya.

Wani lokacin ma ɓarnar ba ta bayyana nan take. A gaɓar Kalifoniya, a watan Janairun 2021, guguwa ta tura wasu manyan jiragen dakon kwantena 2 da ke jiran shiga tasha, angarsu ta kama wani bututun mai ta gusar da shi kimanin mita 32 daga mazauninsa. Babu wanda ya sanar da mai bututun. Ƙarfen ya riƙa tsagewa a hankali har zuwa farkon watan Oktoba, lokacin da ganga 588 na mai ta zube. Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka ta ɗora babban laifin a kan kusancin wurin da aka keɓe wa jirage su jefa anga da inda bututun ya bi. Haka nan a watan Oktoban 2023 anga ce ta tsinka bututun gas da ya haɗa ƙasashen Finlan da Estoniya, bai koma aiki ba sai a Afrilun 2024.

Hanyar kariya ta farko, wadda kuma ta fi kowace inganci, ita ce binnewa. Ana haƙa rami a ƙasan teku, ko da garma ta musamman da jirgi ke ja, ko da ruwa mai ƙarfi da ake feshewa ƙarƙashin bututun har ƙasar ta saki ya nitse da kansa. A Amurka doka ta wajabta binne manyan bututan mai aƙalla ƙafa 3 a duk inda zurfin ruwa bai kai ƙafa 200 ba. Wannan zurfi ya isa ya kare bututu daga komar jiragen kamun jatan lande, waɗanda ke jan manyan allunan ƙarfe a ƙasan teku, ya kuma kare shi daga angar ƙananan jirage. Sai dai bai isa ya tare angar babban jirgi ba, musamman a ƙasa mai laka irin ta bakin Neja-Delta, inda anga kan nitse mitoci da dama. A mashigar tashar jiragen ruwa da wuraren da jirage ke jira, dole a ƙara zurfin ramin, ko kuma tun farko a kauce wa wurin baki ɗaya. Sauya hanyar bututu a kan takarda, kafin a fara aiki, shi ne gyara mafi araha da injiniya zai taɓa yi.

Inda binnewa ba ta yiwuwa, ko don dutse ne a ƙasa, ko don wani bututu ko wayar sadarwa ta riga ta gitta wurin, akan rufe bututun da tarin duwatsu. Ba zuba su ake yi kara zube ba. Ana fara shimfiɗa tsakuwa domin kada ta ji wa bututun rauni, sannan a ɗora manyan duwatsu a sama, a yi wa tarin gangare mai faɗi yadda idan anga ta zo tana jan ƙasa, sarƙarta za ta hau gangaren ta ɗago ta, ta tsallake. Bayan haɗarin 1992 San Diyego ta ƙara wa nata bututun irin wannan rufi, ta kuma tsawaita shi a shekara mai zuwa. Akwai kuma tabarmar kankare, wato tubalan kankare da aka saƙa da igiya mai ƙarfi, ana saukar da ita ta lulluɓe bututun. Tana da sauƙin shimfiɗawa da ɗagewa, amma ta fi amfani wajen tare koma da kayan da ke faɗowa daga jirgi. Dutse kuwa abu ne mai tsada a gaɓar da babu shi, kuma a mafi yawan gaɓar Nijeriya sai an ɗauko shi daga cikin ƙasa, shi ya sa 'yan kwangila kan so a rage shi idan kuɗin aiki ya matse.

Teku da kansa ma yana da nasa aikin, kuma ya fi tsananta a 'yan mitoci ɗari na farko, inda raƙuman ruwa ke karyewa. Bututun ƙarfe mara komai a ciki, ko mai ɗauke da gas, yana iya tasowa sama, don haka ake yi masa rigar kankare domin ya yi nauyi ya zauna. Bututan zubar da ruwa na zamani, waɗanda galibi da roba mai kauri ake yin su, ana ɗaura masu zobban kankare a jere. Su waɗannan babban haɗarinsu iska ce, domin idan ta taru a wani wuri a ciki takan ɗago bututun daga ƙasa, raƙuman ruwa su ƙarasa shi. Sannan ga zaizayar ƙasa. Yashin gaɓar Legas yana tafiya ne daga yamma zuwa gabas, kuma tun da aka gina katangun duwatsu a mashigar tashar jiragen ruwa a farkon ƙarni na 20, yashin ya riƙa taruwa ta yamma, teku kuma ya cinye fiye da kilomita 1 na Bar Beach ta gabas. Bututun da aka binne a irin wannan gaɓa zai iya wayar gari a fili bayan 'yan shekaru. Idan ruwa ya kwashe ƙasar da ke ƙarƙashinsa, sai wani sashe ya rataya babu madogara, igiyar ruwa ta riƙa kaɗa shi dare da rana har ƙarfen ya gaji ya tsage, kamar yadda waya ke karyewa idan aka yi ta lanƙwasa ta. Maganin da ake yi wa wannan yanzu shi ne a huda rami daga can cikin tudu, ya bi ta ƙarƙashin gaɓar da zurfi, ya ɓullo bayan inda raƙuman ke karyewa, a zura bututun ciki. Masu yashe yashi domin gine-gine su ma suna iya tone bututu ba da saninsu ba.

Batun tsatsa kuwa tsohon abu ne da aka san maganinsa. Ana shafe ƙarfen da abin da ke hana ruwa taɓa shi, a ɗaura masa dunƙulen tutiya ko alminiyam a jiki, waɗanda ruwan gishiri ke ci maimakon ƙarfen. Abin da ke kawo matsala shi ne mantuwa, domin waɗannan dunƙule suna ƙarewa, kuma bututai da yawa a Neja-Delta tun shekarun 1960 da 1970 aka shimfiɗa su. Ana duba cikin bututu da wata na'ura da ake turawa ta bi tare da mai tana auna kaurin ƙarfen (ma'aikatan mai da sunan alade suke kiranta a Turance), ana kuma duba bayansa da 'yan nutso ko ƙaramin jirgin ƙarƙashin ruwa mai kyamara. Ranar 12 ga Janairun 1998, bututu mai faɗin inci 24 da ya haɗa dandamalin Idoho na kamfanin Mobil da tashar Qua Iboe, a jihar Akwa Ibom, ya fashe, kimanin ganga 40,000 ta zube, igiyar ruwa ta kwashi man ta yi yamma da shi har gaɓar Legas. An fi shekara 15 ana shari'ar diyya da masunta a kotuna.

Akwai ɓarnar da kankare da dutse ba sa hanawa. A watan Fabrairun 2016 aka fasa bututun fitar da mai na Forcados, mai faɗin inci 48, a ƙarƙashin ruwa, kuma ƙungiyar Niger Delta Avengers ta ce ita ta yi. Kamfanin Shell, wanda tashar ke hannunsa a lokacin, ya sanar da masu sayen mai cewa uzurin da ya fi ƙarfinsa ya hana shi cika alkawari, kuma bai janye sanarwar ba sai a watan Yunin 2017, bayan an sake kai wa layin hari ana cikin gyara. Tashar takan fitar da fiye da ganga 200,000 a rana, kuma ƙananan kamfanonin 'yan ƙasa irin su Seplat, waɗanda ita ce kusan kaɗai ƙofar fitar da mansu, su suka fi shan wuya. A watan Mayun 2016 man da Nijeriya ke haƙowa ya faɗi zuwa kimanin ganga miliyan 1.4 a rana sakamakon wannan hari da wasu makamantansa. Da abin ya haɗu da faɗuwar farashin mai a duniya, tattalin arzikin ƙasar ya shiga karaya, dala ta yi wuya, jihohi da dama suka kasa biyan albashi, kuma ɗan kasuwar da ke shigo da atamfa Kantin Kwari, wanda bai taɓa ganin teku ba, ya biya nasa kason a wurin 'yan canji. Darasin da kamfanoni suka ɗauka a aikace shi ne neman ƙofa ta biyu, shi ya sa aka ƙarasa bututun Amukpe zuwa Escravos, wanda ya fara aiki a 2022.

Gyara a ƙarƙashin teku yana da tsada ne saboda dalilai sanannu. Jiragen da ke wannan aiki kaɗan ne, da dala ake hayarsu kowace rana, kuma sau da yawa daga wata nahiya ake kiran su. A wuri mai zurfi 'yan nutso sukan zauna makonni a cikin ɗaki na musamman mai matsin iska kafin su gama aiki. Tsakanin Yuni da Satumba kuwa, lokacin da tekun Gini ke tumbatsa, ana iya kwana da kwanaki ana biyan haya ba a taɓa komai ba. Kamfanin da ya ajiye sassan bututu da maƙallan gyara daidai da faɗin nasa, ya kuma ƙulla yarjejeniya da mai jirgi tun kafin haɗari, yana rage watanni daga lokacin jira.

Saura tsaron saman ruwa, wanda shi ne mafi araha, amma shi aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Matuƙin jirgi ba ya guje wa bututun da ba a zana a taswirarsa ba, don haka wajibi ne mai bututu ya miƙa ainihin inda bututun ya kwanta, bayan an gama aiki, ga masu zana taswirar teku. Rundunar sojan ruwan Nijeriya ta karɓi jirgin safiyo NNS Lana a 2021 domin wannan aiki. Kamfanin WAPCo, mai bututun gas na Afirka ta Yamma, wanda NNPC ke da hannun jari a cikinsa, yana aiki da yankin kariya na mil 1 na ma'aunin teku a kowane gefe na bututun, inda aka hana jefa anga da jan koma, kuma yana dogara da sojojin ruwa da hukumomin tashoshin ƙasashen 4 wajen sintiri. Dokar kamun kifi ta Nijeriya ta 1992 ma ta hana manyan jiragen koma aiki a mil 5 na farko daga gaɓa. An yi ta ne domin ƙananan masunta, amma bututai ma suna cin moriyarta idan an bi ta. Bugu da ƙari, kowane babban jirgi yanzu yana ɗauke da na'urar da ke sanar da sunansa da inda yake da saurinsa, saboda haka mutum ɗaya a gaban kwamfuta zai iya ganin jirgin da ya rage gudu a kan bututu ya kira shi ta rediyo kafin ya saki anga. Wanda ya yi nufin ɓarna yakan kashe na'urar, amma mafi yawan masu jan anga ba da nufi suke yi ba.

Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan Dokar Teku ta 1982, wadda Nijeriya ta amince da ita a 1986, ta taɓo batun. Sashe na 113 ya buƙaci kowace ƙasa ta hukunta jirginta da ya lalata bututu ko wayar ƙarƙashin teku da gangan ko da sakaci. Sashe na 115 kuma ya ce matuƙin da ya sadaukar da angarsa ko komarsa domin kada ya ji wa bututu rauni, mai bututun ne zai biya shi. Hikimar a bayyane take: sayen sabuwar anga ya fi sayen sabon bututu sauƙi. Samun diyya daga jirgin da ya yi ɓarna kuwa ya danganta da hujja. Kamfanin da ke da bututun Kalifoniya ya karɓi dala miliyan 96.5 a sulhun da aka yi a 2023, domin akwai bayanan da suka nuna inda kowane jirgi yake a ranar guguwar. Bankin da zai ba da rance, ko kamfanin inshorar da zai ɗauki nauyin masana'antar bakin teku, yana da haƙƙin ya ga rahoton safiyo na ƙarshe, ya san zurfin da aka binne bututun, ya kuma tambayi abin da masana'antar za ta yi idan bututun ya tsaya wata 6, domin inshorar da ta biya kuɗin gyara ba lalle ta biya cinikin da aka rasa ba.

Waɗannan tambayoyi sun fi dacewa da gaɓar Lekki a yanzu. Tashar jiragen ruwa mai zurfi ta Lekki ta fara aiki a 2023, matatar Ɗangote kuma, wadda aka gina domin tace ganga 650,000 a rana, ta fara aiki a farkon 2024, kuma ta bututan ƙarƙashin teku take karɓar ɗanyen mai daga jirage, ta su kuma take loda tataccen mai. Manyan jiragen kwantena da na dakon mai da masu yashe yashi duk suna zirga-zirga a yanki ɗaya, a gaɓar da yashinta ba ya zama wuri ɗaya. Inda Hukumar Tashoshin Jiragen Ruwa da NIMASA da sojan ruwa suka keɓe wa jirage su jefa anga, da tazarar da ke tsakanin wurin da bututan, abu ne da ya shafi farashin man da tankoki ke ɗauka zuwa Suleja da Kano da Maiduguri.